Turbo a kan tsohon injin Land Cruiser

Tambaya: Ina da Land Cruiser mai injin 1HZ, tana jigila tsakanin Tawa da Cintabaraden. Ta fara shan mai, ba ta kuma ja a cikin yashi. In sa mata turbo? (Mai karatu daga Tawa)

Amsa: Alhaji, kada ka ɗora turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji) a kan injin da ya gaji. A sauke shi tukuna. In silinda ta ci, a faɗaɗa ta a sa fistan mai ƙarin milimita 0.50, da sababbin zobba da bel ɗin tayimin. A duba kan injin (silinda hed) da kyau, domin ƙananan ɗakunan ƙona gazuwal na 1HZ sun saba tsagewa.

Wannan inji mai lita 4.2 da silinda 6 an ƙera shi ba turbo, matsinsa ya haura 22 ga 1. Don haka kada matsin iskar turbo ya wuce bar 0.6 (bar ma'aunin matsi ne). Abin da ke kashe shi zafi ne: wasu makanikai sukan buɗe famfon gazuwal fiye da kima, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, fistan ya tsage. A sa agogon auna zafin salansa a tsakanin inji da turbo. In allura ta kusa digiri 650, ɗaga ƙafa daga totur, musamman a watan Afrilu. A wanke radiyeta, a riƙa kakkaɓe matatar iska saboda ƙura.

Kilomita 1000 na farko bayan gyara banda lodi mai nauyi. In ka iso, bar inji ya yi minti 2 yana aiki kafin ka kashe.