Kun Tambaya, Mun Amsa: Cusasshen Tattasai Irin Na Mutanen Hangari

Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun likita a Debrecen ta ƙasar Hangari. Tunda ya zo hutu ya ishe ni da labarin wani tattasai da ake cusa wa nama da shinkafa a dafa cikin miyar tumatir. Ya ce su can da naman alade suke yi, shi ya sa bai taɓa ci a gidan abinci ba, sai wanda matar wani abokinsa Musulmi ta yi musu. Don Allah yaya ake yin sa? — Wata uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro sa'ar karatu. Abincin da yake nufi sunansa töltött paprika, ma'ana tattasan da aka cika. Girkin gida ne na ƙarshen bazararsu, lokacin da tattasai da tumatir suka cika kasuwa. Dabarar cusa nama a cikin kayan lambu kuwa ana danganta ta da Turkawan Usmaniyya, waɗanda suka riƙe birnin Buda (wani ɓangare na Budapest, babban birnin Hangari a yau) daga 1541 zuwa 1686. Gaskiyar yaron ne, alade suke sawa, amma naman sa ko na rago yana zama daram, muddin yana da kitse. Ki ce wa mahauci ya haɗa miki tsoka kashi huɗu, kitse kashi ɗaya, a niƙa tare.

Ga abin da zai ishi mutum huɗu: tattasai 8 matsakaita, niƙaƙƙen nama rabin kilo, shinkafa giram 100 (gwangwanin madara ɗaya da ba a cika ba, kamar kashi uku cikin huɗu), albasa 1, tafarnuwa ƙwara 2, ƙwai 1, garin paprika (niƙaƙƙen busasshen jan tattasai) marar yaji babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, masoro rabin ƙaramin cokali. Na miya kuma: niƙaƙƙen tumatir lita 1, ruwa kamar rabin lita, mai babban cokali 2, fulawa babban cokali 2, sukari babban cokali 1 zuwa 2, gishiri, da ɗan reshen seleri mai ganye.

Ki fara da shinkafa. Ki wanke ta, ki tafasa ta minti 8, ki tace, ki baza a faranti ta huce. Idan kika matsa ƙwara ɗaya da yatsa, bayanta ya yi laushi amma cikinta da sauran ƙarfi, to daidai ke nan. Ki yanka albasa ƙanana sosai ki soya a cokali ɗaya na mai har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba, ki sa tafarnuwa, sannan ki sauke kaskon daga wuta kafin ki zuba paprika ki juya. Idan ya huce ki haɗa da nama, shinkafa, ƙwai, gishiri da masoro, ki cakuɗa da hannu.

Tattasai kuma ki zagaye hancinsa da bakin wuƙa ki zare shi, ki ƙwaƙule 'ya'yan da fararen jijiyoyin ciki da ƙaramin cokali. Ki huda ƙasan kowanne da tsinken sakace sau ɗaya ko biyu, don iska ta samu hanyar fita lokacin da kike cusa naman. Ki cika shi ba danƙarewa, ki bar wurin da bai wuce kaurin yatsa ba a baki. Naman da ya rage ki mulmula shi kamar ƙwan kaza. A gidajen Hangari da gangan ake ƙara yawan haɗin saboda waɗannan dunƙulen, don yara sun fi son su a kan tattasan.

Sai miya. A tukunya mai faɗi da kauri ki zuba mai da fulawa, ki riƙa juyawa a ƙaramar wuta minti biyu ko uku har ta yi kalar ƙosan da bai gama soyuwa ba. Wannan shi suke kira rántás, kuma da shi suke kaurara yawancin miyarsu. Ki sauke, ki tsiyaya ruwan sanyi kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, ki zuba tumatir, gishiri, sukari da seleri, ki mayar wuta. Da ta tafasa sai ki jera tattasan a kwance, dunƙulen naman a tsakaninsu. Miyar ta kusa rufe su. Ki rage wuta sosai, ki ɗora murfi a karkace, ki bar shi minti 50 zuwa awa ɗaya. Ki cire seleri kafin ki zuba wa mutane. Da dafaffen dankalin Turawa suke ci, ko da burodi.

Na duba hotunan girkin, tattasansu fari-fari ne mai tsini. Ban taɓa ganin irinsa a kasuwar 'Yankaba ba. Da wanne zan yi? — Mai karatu daga Kano

Ba za ki gan shi ba, 'yar'uwa, sai dai in wani manomi ya gwada shuka shi. Su can suna kiransa TV paprika, kuma ba ruwansa da talabijin: gajarta ce ta tölteni való, wato na cusawa. Launinsa ruwan ƙwai ne mai haske, fatarsa siririya, ba shi da yaji. Akwai sanannen iri da ake kira cecei, da sunan ƙauyen Cece.

Abin da ya fi kusa da shi a siffa shi ne tattasanmu ja, dogo. Ki zaɓi manya, miƙaƙƙu, masu tauri, waɗanda bakinsu zai ɗauki ƙaramin cokali. Sai dai namu yakan zo da ɗan yaji, wani ma da yawa, don haka ki gutsiri bakin ɗaya ki ɗanɗana kafin ki saya kwano guda, kuma ki cire jijiyoyin ciki tas, domin nan yajin yake taruwa. Tunda cikinsa bai kai faɗin nasu ba, rabin kilo na nama zai ci guda 10 zuwa 12. Babban tattasan nan mai kusurwa huɗu, ja ko ruwan ɗorawa, shi ma yana yi, amma namansa na da kauri: ki tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 3 tukuna, ki ƙara minti 10 a kan lokacin dahuwa. Koren shi ne ba mu ba da shawara. Ɗanye ne da bai nuna ba, idan ya daɗe a miya yana sakin wani bauri da sukari ba ya iya kashewa. Attaruhu da shambo kuwa ba wurinsu ba ne.

Na sayi garin paprika a kanti da tsada, na soya shi da albasa, sai girkin ya fito da ɗaci kamar an sa maɗaci. Jabu aka sayar mini? — Wani magidanci daga Maraɗi

Malam, da wuya laifin na mai kanti ne. Paprika busasshen jan tattasai ne da aka niƙa ya yi laushi kamar kwalli, kuma yana ɗauke da sukari na halitta. Sukarin nan da ya taɓa mai mai zafi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya ƙone, jan ya koma ruwan ƙasa, ɗaci ya shiga. Idan ya shiga kuma ba ya fita, sai dai a zubar a sake. Shi ya sa kowace mai girki a Hangari take janye tukunya daga wuta kafin ta zuba shi. Yana bukatar mai, don a cikin mai ne launinsa da ƙamshinsa suke narkewa, amma mai mai ɗumi, ba mai hayaƙi ba.

Wajen saye, ka duba jikin kwalin. Garuruwa biyu ne suka yi suna da shi, Szeged da Kalocsa. Kalmar édesnemes tana nufin marar yaji mai daɗi, shi kake nema. Csípős kuma mai yaji ne. Ka guji wanda aka busar da hayaƙi irin na Sifen, zai kai girkin wani wuri daban. Mai kyau ja ne jawur yana ƙamshi. Idan ya koɗe ya zama kalar bulo, ya tsufa. A Szeged ɗin nan ne ma masanin kimiyya Albert Szent-Györgyi ya riƙa tace sinadarin bitamin C daga tattasai, ya kuma samu lambar Nobel a 1937.

Idan babu, ka samu busasshen tattasai marar yaji, ka cire 'ya'yan, a daka a tankaɗe da rariyar laushi. Ba zai zama ɗaya ba, amma zai fi garin barkono nesa ba kusa ba.

Anti, ni amarya ce, sau biyu ina gwadawa. Na farko naman ciki ya yi tauri kamar dutse, shinkafar tana garas-garas. Na biyu tattasan suka fashe, komai ya watse a miya. Maigida dai ya ci bai ce komai ba, amma na ji kunya. — Daga Zariya

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya, kuma ki kwantar da hankalinki, matsalolin nan biyu kusan kowa sai ya gamu da su. Taurin nama abu uku ke kawo shi. Na ɗaya, tsoka zalla. Alade da Hangariyawa ke amfani da shi yana da kitse a jikinsa, naman sa na kasuwarmu kuwa sau da yawa ba shi da shi, kuma awa guda a wuta tana matse shi ya bushe. Na biyu, yawan murzawa: idan kika cuɗa haɗin kamar kwaɓin alkubus, naman zai yi danƙo ya dunƙule. Ki juya har kayan su haɗu kawai ki tsaya. Na uku, danna shi da ƙarfi cikin tattasan. Ki ƙara kuma babban cokali 3 ko 4 na ruwan sanyi a haɗin. Ya kamata ya yi laushi a hannu, yana ɗan manne wa yatsa.

Shinkafa mai garas ɗanya kika sa. Akwai gidajen da suke sa ɗanyar, amma sai su dafa fiye da awa ɗaya da miya mai ruwa-ruwa. Tumatir yana da tsami, tsami kuma yana jinkirta nunar shinkafa, ga ta a ƙunshe cikin nama inda ruwa ba ya isa gare ta sosai. Idan shinkafar da aka turara ce irin ta buhu, ta fi farar shinkafa taurin kai, ki ba ta minti 12 a tafasar farko.

Fashewa kuwa, ko dai kin cika tattasan har baki shinkafa ta kumbura ta rasa wurin zuwa, ko wuta ta yi yawa, ko kin sa ludayi kina juyawa. Miyar nan ba a barinta ta yi ta zabalbala. Ƙwayar tafasa ɗaya nan, ɗaya can, shi ke nan. Idan kina tsoron kamu, ki kama hannuwan tukunyar da tsumma ki girgiza ta a hankali duk bayan minti goma. A kan gawayi, ki rage garwashin ki bar kaɗan a gefe-gefe. Don tabbatar da nuna, ki ciro dunƙulen nama ɗaya ki raba: ba ja a tsakiya, shinkafa ta yi laushi. Mai na'urar auna zafi ya nemi digiri 71 na ma'aunin Celsius a tsakiyar naman.

Sukari a miya? Kuma ba a soya tumatir? Ni na soya nawa har mai ya taso kamar yadda na saba, na sa kanwa kaɗan. Ya yi daɗi, amma wadda ta san girkin ta ce ba shi ba ne. — Daga Jos

Ta faɗi gaskiya, Malama. Abin da kika yi miyar dage-dage ce da cusasshen tattasai a ciki, kuma ba laifi ba ne in haka gidanku ke so. Amma miyar töltött paprika ba soyayyiya ba ce. Santsi gare ta, ba mai a samanta, tana kama bayan cokali kamar kunu marar kauri, ɗanɗanonta tsakanin zaƙi da tsami. Kanwa tana kashe tsamin gaba ɗaya ta kuma duhunta launin, alhali tsamin nan ake so a ji shi, sukari ya yi masa kishiya. Ki fara da cokali ɗaya, ki ɗanɗana bayan rabin awa, sannan ki ƙara in da bukata. Su kansu Hangariyawa ba su daidaita a kan yawansa ba, wasu gidajen miyarsu har ta so ta yi zaƙi da yawa a bakin baƙo.

Idan ɗanyen tumatir za ki yi da shi, ki nemi kilo ɗaya da rabi wanda ya nuna sosai, ki yayyanka ki dafa minti 20, ki niƙa, ki tace da rariya don fata da 'ya'ya su fita. Idan na gwangwani ne mai kauri, giram 200 a dama da ruwa lita ɗaya da ɗan ƙari. Gudaji a miya daga zuba ruwan zafi a kan soyayyiyar fulawa mai zafi yake zuwa. In ya riga ya faru, ki tace miyar kafin ki sa tattasai. Wadda kuma tukunyarta marar kauri ce, fulawar za ta iya kwantawa ta kama. Sai ki dafa tattasan a tumatir da ruwa kawai, in sun nuna ki tsame su, ki kaurara miyar da rántás, ta tafasa minti 5, ki mayar da su.

Zan iya dafawa yau a ci gobe? Kuma farin abin da nake gani a kai a hoto mene ne? — Ɗaliba daga Sakkwato

Ƙwarai, washegari ma ya fi daɗi, don miyar ta ratsa naman. Ki bar shi ya sha iska, ki sa a firji kafin awa biyu ta wuce, zai kai kwana uku. In ba tabbas na wuta, ki dafa daidai cin yini, shinkafa da niƙaƙƙen nama ba sa jure zafin Sakkwato. Wajen ɗumamawa ki ƙara ruwa rabin kofi, domin fulawa tana daskarar da miya idan ta kwana, ki bar shi a ƙaramar wuta har tsakiyar naman ya yi zafi sosai.

Farin abin tejföl ne, wato kirim mai tsami. Ba kowane gida ke sawa a wannan girkin ba. Kindirmo mai kauri marar sukari yana maye gurbinsa, cokali ɗaya a kan kowane tattasai bayan an zuba a faranti. Kada ki sa shi a tukunya tana kan wuta, zai tsinke.