Amsa kan birkin da ya yi laushi a gangaren Hawan Kibo

Malam ka ce kana saukowa Hawan Kibo daga Jos za ka Akwanga sai ka ji birki ya yi laushi, kana takawa yana nutsewa ga ƙauri kamar ana ƙona roba, wai ko bakanike ne ya cuce ka. To kafin ka je ka sauke masa kwandon faɗa fara tuhumar ƙafarka tukuna, don ni ma haka ta same ni ina sabon hannu, na saka mota a firi, wato na cire ta daga giya, wai ni mai tattalin mai, ƙafata a kan birki tun daga sama har tsakiyar gangara, wallahi Allah ne kawai Ya tsare na samu gefe na faka jikina sai ɓari yake.

In ka daɗe danne da birki, takalmin birkin zafi yake ɗauka har ya daina kamawa, shi kuma man birki in ya tsufa yana shan damshi daga iska, da ya ji wuta sai ya tafasa ya yi tururi, tururi kuwa matsewa yake, shi ya sa ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Ana so a juye man a sa sabo kamar duk shekara 2, mu kuwa sai dai a yi ta ciko har ya koma kalar shayi.

Tun kana sama za ka rage gudu ka dawo giya lamba 2 ko 3, ka bar inji ya riƙe motar, ko yana kuka ƙyale shi ba abin da zai same shi. In otomatik ce ai akwai L ko 2 a jikin giyar, ba ado ba ne. Birkin kuma ka taka sosai ka saki ya sha iska, ka sake takawa. Kuma don Allah ka ba tirela tazara, a gudun 80 kana cin wajen mita 22 duk daƙiƙa.

In birkin ya shanye gaba ɗaya kar ka kashe mota, sitiyari zai yi tauri ka rasa duka biyun. Yi ta famfon birkin, kana rage giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja hambirki a hankali yatsanka na kan maɓallin, in ka fizga bayan motar zai juya da kai. Da ka tsaya kar ka watsa wa ƙarfen birkin ruwa don yana iya lanƙwashewa, ka ba shi kamar rabin awa ya huce da kansa sannan ka lallaɓa a duba maka man.