Kwafin ajiyata yana cika faifai cikin kwana huɗu, yaya zan tsara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon magunguna a Katsina, kuma lissafin kaya da na bashi duk suna cikin kwamfuta ɗaya. Watan jiya kwamfutar maƙwabcina ta mutu da lissafin shekara shida, har yau bai samu komai ba. Wallahi abin ya hana ni barci. Yaron da ke mana gyara ya sa min manhajar bakof, wato ta yin kwafin ajiya, ya saita ta tana yin cikakken kwafi kowane dare zuwa faifan D na cikin kwamfutar. Abin da ke cikin kwamfutar ya kai gigabayit 120, wurin yana cika cikin kwana huɗu, kuma sau da yawa ana ɗauke wuta kafin ta gama. An ce min akwai kwafin ƙari. Zan iya dogara da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, ya kiyaye gaba. Za ka iya dogara da kwafin ƙari, kuma shi ya dace da shago irin naka. Cikakken kwafi kullum ɓata wuri ne da lokaci, don a yini guda abin da ke canzawa a lissafinka ɗan kaɗan ne. Ka saita cikakke sau ɗaya a mako, na ƙari kuma kowace rana. Na ƙarin yana ɗaukar abin da ya canza tun kwafin jiya ne kawai, cikin 'yan mintuna ya gama.

Lokacin ma ka canza shi. Yawancin manhajojin nan suna zuwa a saite da dare, domin inda aka ƙera su ana barin kwamfuta a kunne har safe. Kai kana rufe shago ka kashe janareta. Ka sa na ƙarin lokacin azahar, sa'ad da ciniki ya lafa, cikakken kuma ranar Juma'a idan za ku tafi masallaci, ka tabbata akwai wuta ko batirin infata ya cika. Ka duba cikin saitin, akwai wurin da za ka ce idan lokaci ya wuce kwamfuta tana kashe, ta rama da zarar an kunna.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: kwafin ƙari kamar carbi yake, kowace ƙwaya a rataye take da ta gabanta. Idan kana son dawo da lissafin Laraba, manhajar tana buƙatar cikakken na Juma'a da duk na kwanakin da suka biyo baya. Ɗaya ya ɓace a tsakiya, duk na bayansa sun tashi a banza. Don haka kada ka taɓa shiga ka goge fayilolin da hannu don wuri ya cika. A manhajar bakof mai suna Veeam Agent, wadda ke da sigar kyauta ta Windows, cikakken yana ƙarewa da .vbk, na ƙarin da .vib, kuma na sha ganin wanda ya goge ƙananan yana cewa ai tarkace ne. Ka faɗa wa manhajar kwana nawa za ta riƙe, ita za ta share tsofaffin da kanta.

Yanzu sai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato wannan D ɗin.

Alhaji, a mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mana, C da D faifai ɗaya ne aka raba gida biyu. Kamar shago ɗaya ne aka ja labule a tsakiya. Idan gobara ta tashi, labule ba zai tsare komai ba. Faifan ya mutu, C da D sun tafi tare. Ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, sun tafi tare. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta, haka. Ka danna dama a kan alamar Start ka buɗe Disk Management: idan ka ga C da D jere a layi ɗaya ƙarƙashin Disk 0, to duk daren nan da kwamfutarka take nishi tana kwafi, kanta take kwafa wa kanta. Ko da faifai biyu ne daban, tunda a akwati ɗaya suke, rabin haɗarin yana nan.

Na san inda wannan al'ada ta samo asali. Masu gyara sun saba raba faifai domin idan Windows ta lalace su yi fomatin C ba tare da sun taɓa fayilolin mutum ba. Wannan dabara ce mai amfani a wurinta. Sai ta rikiɗe ta zama "ka zuba a D, ba abin da zai same shi", kuma mai faɗar bai taɓa zama da wanda ya rasa aikin shekaru ba. Ni na zauna da su. Akwai wata baiwar Allah da ta kawo min laftof saura mako biyu ta kare digirinta na biyu. Faifan yana wani ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, ita kuma tana ta maimaita min, "Malam, ai mai gyara ya ce yana D." Na juya mata allon ta gani da idonta, babu C babu D, na'urar ma ba ta ga faifan ba. Ta yi shiru ta riƙe jakarta da hannu biyu. Abin da muka iya tsinta shi ne wani tsohon babi da ta taɓa tura wa malaminta ta imel. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ba sakaci ta yi ba, ta nemi shawara ne aka ba ta gurguwa. Duk wanda ya iya sa Windows da filash sai ya kafa tebur ya kira kansa injiniya, kuma amanar mutane ce a hannunsa.

Sai wani ya ce to ya sayi faifan waje, ya soka shi a kwamfuta dare da rana. Wannan ya fi D, amma da saura. Manhajar garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle komai ta nemi kuɗin fansa, tana bin duk faifan da ta gani a haɗe ta kulle shi, har da kwafin ajiyar. A watan Yunin 2017 wata cuta mai suna NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ta lalata dubban kwamfutoci. Manyan na'urorinsu da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shiga, kusan 150 a faɗin duniya, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka suka ɗauka sun tsira. Duk suka tafi lokaci ɗaya. Guda ɗaya ta rage a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a can kafin cutar ta iso, ba ta haɗe da sauran. Faifanta aka ɗauko, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila, da shi aka sake gina komai. Asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Kamfani mai wannan ƙarfi ke nan, ɗauke wuta ne ya cece shi. Kai da ni ba za mu zauna jiran irin wannan sa'a ba.

Saboda haka ka sayi faifan waje guda biyu, kowanne terabayit ɗaya. Ka rubuta musu lamba da biro, 1 da 2. Wannan makon na ɗaya yana shago, na biyu yana gida cikin durowa, ranar Juma'a ka musanya. Ka kunna saitin da ke cire faifan da kansa idan kwafi ya ƙare, Veeam tana da shi. Fayil ɗin lissafin kansa, tunda ba shi da nauyi, ka ƙara tura kwafinsa intanet. Masana suna kiran wannan tsari 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin.

Ina roƙon 'yan'uwana masu gyara su ji tsoron Allah a kan wannan. Mutum ya miƙa maka na'urar da ke ɗauke da bashin jama'a da abincin iyalinsa, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka tambayi na gaba da kai. Kai kuma Alhaji, kada ka yarda da koren alamar da ke cewa an gama. Ranar ɗaya ga kowane wata ka zaunar da yaron nan, ya dawo maka da lissafin makon jiya daga faifan zuwa wata kwamfutar daban, ka buɗe shi da hannunka, ka nemo sunan mutum ɗaya da kake bi bashi, ka ga ko adadin ya yi daidai da na littafinka.