Cutar da ke kisa cikin kwana biyu za ta iya game duniya?

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce a labarin da kake rubutawa ka ƙirƙiro wata ƙwayar cuta mai kashe duk wanda ta kama cikin kwana biyu, kana tambaya ko hankali zai ɗauka a ce ta game duniya. Gaskiya da wuya. Wanda ciwo ya kwantar tun ranar farko ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga motar haya, ba ya tsayuwa a sahun masallaci. Iyakar waɗanda zai shafa su ne masu jinyarsa da masu wankan gawarsa, kuma waɗannan ana iya gano su a killace.

Abin da ke rura annoba shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da mutum ya fara yaɗa cutar da ranar da ya san ba shi da lafiya. Dubi SARS, wata cutar numfashi da ta yaɗu a 2003. Tana kashe kusan ɗaya cikin goma, amma galibi sai zazzaɓi ya bayyana take yaɗuwa sosai, don haka ta tsaya a kan mutum 8,000 da 'yan kai, 774 suka rasu. Korona ba ta kai ta kisa ba ko kusa in an duba kason masu mutuwa cikin waɗanda suka kamu, sai dai mutum yana baza ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara tari, wasu ma har su warke ba su ji komai ba. Ita ce ta rufe duniya.

Sannan ka yi lissafi, kada ka rubuta adadi da ka. A ce kowane mai cutar yana shafa wa mutum 3 cikin kwana 5. Zagaye na farko 3, sai 9, sai 27. Makonnin farko ba wanda zai lura, likita zai ɗauka mura ce ko maleriya. A zagaye na goma, wato kwana 50, sababbin kamuwa sun kai 59,049. In an rage cunkoso har adadin ya sauka zuwa 2, zagayen na goma 1,024 ne kacal. Da ya yi ƙasa da 1, cutar za ta mutu da kanta. Wannan lissafi na farkon annoba ne kawai, domin waɗanda suka warke kan samu garkuwa, sai yaɗuwar ta fara ja da baya. Mai adadi 3 tana lafawa idan kashi biyu cikin uku na jama'a sun samu kariya. Ƙyanda kuwa, da mutum ɗaya ke iya shafa wa 12 zuwa 18, sai rigakafi ya kai wajen kashi 95 cikin ɗari.

Hanyar yaɗuwa ma ka tsayar da ita. Ebola sai an taɓa jini, amai ko gawa. Shi ya sa da wani matafiyi ya shigo da ita Legas daga Laberiya a Yulin 2014, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a Oktoba aka tabbatar ta ƙare. Da ta numfashi take bi, da labarin ya sha bamban.

Wurin da marubuta suka fi mantawa shi ne asibiti. Ko kashi 5 cikin ɗari na waccan 59,049 ne suka buƙaci iskar oksijin, kusan mutum 3,000 ke nan cikin kwana 5. Gadaje su cika, ma'aikatan jinya su kwanta, mai naƙuda da wanda ya yi haɗarin mota su rasa mai duba su. Ka sa waɗannan ma cikin lissafin mamatanka.