Hutun iyali a gidan gona a gabar tekun Wales

Hajiya, kin tambaya ko gidan gona kusa da teku a Pembrokeshire, wani yanki na Wales a Birtaniya, zai yi muku da yara a Oktoba. Zai yi, amma kafin ki biya, ki tambayi mai gidan ko itacen murhu da man ɗumama ɗaki suna cikin kuɗin haya. Yawancin gidajen gonar tsofaffin ginin dutse ne, bangon kan riƙe sanyi da danshi.

Mota dole ce. Hanyoyin ƙauyen matsattsu ne, idan kun yi kiciɓis da tarakta sai an ja da baya. Naman halal kuwa ki saya tun daga birnin Cardiff ko Swansea.

Daga Lahadin ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, wajen ƙarfe 5 rana ta faɗi. Ku duba jadawalin cikowar teku kafin ku sauka bakin ruwa, don ruwan kan datse hanyar komawa.