Ga amsar tambayarki kan ƙirgen kwanaki

Ɗiyata, ƙanwarki ta karanta mini saƙonki. Sai da na yi dariya, can kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko a zamaninmu mun san ƙirgen kwanakin ɗaukar ciki, irin na carbin da ungozoma ta ba ki a Yamai? Ni da kunya ta hana ni kiran sunan ɗana na fari, ina zan iya yi wa gwaggona wannan tambaya! Amma gara da kika yi.

Na ga carbin a likita nan Tawa. Ƙwaya 32 ne, ja ranar da jini ya zo, farare 12 daga kwana na 8 zuwa na 19, su ne na kaffa-kaffa. Kuma sai ga macen da al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 da 32. Ke mai goyon ɗan wata huɗu, jini bai ma dawo ba, me za ki ƙirga?

Mu damina muke ƙirgawa. A yi wankan jego kwana 40, a sha kunun kanwa, maza su tafi bida Abijan, yaro ya sha nono shekara biyu kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa. Kaka ta kan ce, na baya bai sauka ba, ba a yi wa na ciki shimfiɗa.

A 1984, shekarar da rumbuna suka bushe, na yi kwanika, yayarki tana da wata tara. Tsofaffi suka ce nonon mai ciki guba ne. Da asuba aka shafa mini maɗaci, aka ɗauke ta a jaki zuwa Illela wajen Inna. Har yau ina jin kukanta a bayan danga, ni kuwa zanena ya jiƙe da nono. Da na je ganinta bayan wata biyu, gashinta ya yi ja, ƙafafu kamar karan gero. Allah ya raya ta. Sai da na tsufa na ji ungozoma na cewa ciki ba ya ɓata nono. Na yi shiru a wurin.

Yanzu ku ba mai son zama gida ko arba'in, ga madarar gwangwani tun wata biyu. Nono zalla dare da rana, ba ruwa, jini bai dawo ba, yana tsare mace har yaro ya kai wata shida.

Mijinki ya ma san da carbin? Kwana 12 ɗin nan ba ke kaɗai za ki riƙe su ba. Ki gaishe shi, ki shafa mini kan maigidana.