Shin Tyler Durden abin koyi ne a fim ɗin Fight Club?

Tambaya: Na kalli Fight Club sau biyu, kuma abokaina suna ɗaukar Tyler Durden a matsayin namijin duniya da ya kamata a yi koyi da shi. Shin manufar fim ɗin ke nan? Kuma da gaske ne an ɓoye wasu abubuwa a cikinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka ba su kaɗai ba ne a wannan fahimta, amma a ganina sun tsaya ne a rabin hanya. David Fincher ne ya ba da umarnin fim ɗin, wanda ya fito a 1999, an kuma ɗauko labarin daga littafin Chuck Palahniuk na 1996. Mai ba da labarin, wato mutumin da Edward Norton ya fito a matsayinsa, wanda har fim ya ƙare ba a faɗi sunansa na gaskiya ba, ma'aikacin wani kamfanin motoci ne a Amurka, kuma aikinsa shi ne ya lissafa wanne ya fi arha, biyan diyyar waɗanda mota mai lahani ta kashe ko janye motocin daga kasuwa. Barci ya ƙaurace masa, ya cika gidansa da kayan ɗakin da yake gani a littafin talla, har ya koma yana auna darajar kansa da kujera da teburi.

A wannan hali ne Tyler, wato Brad Pitt, ya bayyana, kuma daga baya aka gane cewa babu shi, wannan mutumin ne ya ƙirƙire shi a ƙwaƙwalwarsa. Fincher ya watsa alamun haka tun da wuri. Kafin su haɗu a jirgin sama, hoton Tyler yana giftawa kamar ƙiftawar ido sau huɗu, ciki har da ofis da gaban likita. Wayar kan titi da Tyler ya kira shi a kanta tana ɗauke da rubutun da ke cewa ba ta karɓar kira daga waje. Bayan hatsarin motar da muka ga Tyler yana tuƙawa, sai ga shi yana fitowa ta ɓangaren fasinja yana janyo abokinsa daga mazaunin direba. Marla kuwa, wato macen da ke mu'amala da su duka biyun, ko sau ɗaya ba ta yi magana da su a matsayin mutum biyu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin da suke cikin bas suna yi wa tallar kamfai ta Gucci ba'a saboda jikin namijin da ke cikinta, alhali jikin Tyler kansa irin wannan ne sak. Wato mutumin da ya gaji da talla, da ya tashi ƙera wa kansa mai ceto, sai ya ƙero shi da siffar da talla ta cusa masa. Haka ma sabulun da Tyler yake haɗawa da kitsen da ake zuƙewa daga jikin masu hali a asibiti, ya sayar a manyan kantuna kan dala 20, kasuwanci ne tsantsa daga mai zagin kasuwanci.

Ban musanta cewa ciwon da fim ɗin ya taɓo na gaske ba ne: maza da suka tashi ba uba a gida, suna aikin da ba sa so, ba su da wanda za su kai wa kuka. Sai dai ka lura da inda maganin Tyler ya kai su. Waɗanda suka shiga ƙungiyar damben sirri da ya kafa, wato Fight Club, don su san kansu sun ƙare da aske kai, da baƙaƙen kaya iri ɗaya, an hana su tambaya, an kuma raba su da sunayensu. Bob, wanda ciwon daji ya raba da marainansa, shi ne ya taɓa rungumar mai ba da labarin har ya yi kuka ya samu barci, kuma shi ne aka harbe a ka a wani aikin ƙungiyar. Sai da ya mutu sannan 'yan ƙungiyar suka yarda a kira shi da sunansa, Robert Paulson, kuma nan take suka mayar da sunan wani amshi da suke ta maimaitawa a tare.